Ramuka huɗu a bangon baya: yadda sinimar waje ta rayu a Kano da abin da ya rufe ta

Gidan sinima, ko an mayar da shi rukunin shaguna, ba ya ɓuya ga wanda ya san abin dubawa. Alama ta farko doguwar katanga ce marar taga ko ɗaya, wadda ta kere duk ginin da ke maƙwabtaka da ita. Ta biyu ƙasan wurin ne: yana gangarawa a hankali daga ƙofar shiga zuwa gindin wannan katanga, shi ya sa in aka tafka ruwan Agusta shagunan ƙurya ne ke fara kwasar kaya. Ta uku sai an ɗaga kai. A bangon da ke fuskantar doguwar katangar akwai wani ɗan ɗaki a sama mai ramuka huɗu, biyu na fitar haske, biyu na leƙe. Galibi an toshe su da bulo an shafe, amma shatinsu yana nan. Daga wannan ɗaki aka ci abinci shekara da shekaru, kuma daga cikinsa ciwon da ya kwantar da sana'ar ya fara.

A Kano sinima 'yar waje ce, wato a bayan ganuwa ta girma. Rex ce ta fara, a 1937, kuma Kwarori, wato 'yan Labanan, su ne suka riƙe harkar tun daga tushe: su ne da injin, su ne da hanyar shigo da fim ta Legas. Plaza tana Fagge, El Dorado ta ɓangaren Sabon Gari, Orion a bakin Ƙofar Wambai, sannan da gari ya buɗe aka samu irin su Marhaba a Farm Centre. Wadda ta kutsa cikin birni ita ce Palace, a Jakara kusa da Kasuwar Kurmi, a 1952, kuma ba a karɓe ta hannu biyu-biyu ba, sai da aka yi bore a kanta. Daga baya ginin ya koma asibiti.

Kada a haɗa ta da majigi. Majigi na hukuma ne, mota ke kawo shi, a kafa farin ƙyalle a fili a nuna wa jama'a noman gyaɗa da tsaftar rijiya kyauta, yaro da babba kowa ya kalla. Sinima kuwa kuɗi ake biya, da dare ake shiga, a unguwar da ake sayar da giya. Tun ranar farko aka yi mata tambarin wurin 'yan iska, kuma ba ta taɓa wanke wannan tambari ba har aka rufe ta.

Abin da ya ƙara mata baƙin jini shi ne gobarar sinimar El Duniya, ranar 13 ga Mayu 1951, wadda ta ci mutum 331 cikin 'yan kallo wajen 600. A gari an ce fushin Allah ne. Binciken gwamnati ya gano cewa daga ɗakin injin wutar ta tashi, a jikin zaren fim, ta bi rufi. Zaren wancan zamani na naitiret ne, ɗan'uwan albarushi. In ya kama ba ya bukatar iska daga waje don yana samar wa kansa abin ci, ko a ruwa aka tsoma shi yana iya ci gaba da ci, hayaƙinsa kuma guba ne. Abin takaici, a daidai wannan lokaci ne kamfanin Kodak ke daina yin sa, bayan ya fito da zaren asitet wanda ba ya tashi da wuta a 1948. Duk tsarin ɗakin injin da aka sani, bangon siminti, ƙofar ƙarfe, ramuka ƙanana masu murfin ƙarfe da ke faɗowa ya rufe in zafi ya narkar da abin da ya riƙe shi, ƙofofin fita masu buɗewa ta waje, saboda naitiret aka yi shi.

Yawancin sinimomin waje ba su da rufi sai ta baya. Lissafi ne: rufe fili mai ɗaukar ɗaruruwan mutane da kwano kuɗi ne, sanyaya shi a watan Afrilu kuma ya fi rufin tsada. Sai aka bar gaba a buɗe da bencin siminti ko na katako, nan ne kujerar talaka, baya kuma a ɗan tudu ƙarƙashin rumfa, tikitinta ya fi tsada. Allon ba ƙyalle ba ne, ita doguwar katangar ce aka yi wa filasta mai santsi aka shafa farin fenti marar ƙyalli, aka zagaye da baƙi don gefen hoto ya fita tas. Wannan tsari yana da farashinsa. Ba a iya haska komai sai duhu ya yi sosai, don haka kallo sai da dare, bayan sallar isha'i. Sinimar da ke da rufi tana iya cika kujera ɗaya sau uku ko huɗu a yini, ta waje kuwa sai ta jira dare. Daga Yuni zuwa Satumba kuma hadari ke da iko da ƙofa. A riƙe wannan, don zai dawo.

Yanzu a hau ɗakin injin.

Zaren fim faɗinsa milimita 35 ne, da ƙananan huji a gefe biyu, huɗu-huɗu ga kowane hoto. Hoto 16 ne a ƙafa ɗaya, injin yana wuce hoto 24 a daƙiƙa, wato ƙafa 90 a minti. Fim ɗin Indiya mai awa uku ke nan ya kai ƙafa 16,200, kusan kilomita biyar na zare. Ba ya shiga injin gaba ɗaya, a naɗe yake zuwa cikin gwangwanaye, naɗin da ake kira ril, kowanne ƙafa 2,000 ko ƙasa da haka, nauyinsa ya haura kilo huɗu, tsawon kallonsa wajen minti ashirin. Ril tara ke nan a dare guda. Dalilin injin biyu da ramuka huɗu ke nan: ɗaya na aiki, ofareta na ɗora wa ɗayan ril na gaba.

Sauya injin shi ne gwanintar sana'ar. Saura daƙiƙa takwas ril ya ƙare, wani ɗan ɗigo yake bayyana a kusurwar sama ta dama ta hoton, a hoto huɗu kacal, wato kashi ɗaya cikin shida na daƙiƙa. Ofareta yana ramin leƙe, da ya gan shi sai ya tayar da injin na biyu. Bayan daƙiƙa bakwai ɗigo na biyu ya fito, nan take ya rufe hasken na farko ya buɗe na biyu, ya juya sauti. In ya dace ba wanda zai san an yi komai. In ya ƙifta ido a lokacin ɗigon farko, 'yan kallo za su ga farin bango ko lambobi suna sauka, daga nan fito da ihu su tashi daga bencin gaba. Tsohon kwafin da ya zaga gari goma kuwa, kowane ofareta ya karce nasa ɗigon da tsinke saboda na asali ya gutsure, har sai an rasa wanne za a bi.

Hasken ba daga ƙwan fitila yake fitowa ba. Sandunan kabon ne guda biyu masu rufin jan ƙarfe, suna fuskantar juna a gaban wani madubi mai zurfi kamar kwano. Ana haɗa bakinsu su taɓa juna, a janye kaɗan, tazarar wajen milimita shida, sai wuta ta tsallaka tsakaninsu da hasken da ba a kallonsa da ido, sai ta wani baƙin gilashi a jikin akwatin. Wutar NEPA ba ta yi musu kai tsaye, sai ta bi ta na'urar da ke mayar da ita mai tafiya hanya ɗaya irin ta batir, amfiya 40 zuwa 70 a matsakaicin injin. Sandunan suna cinyewa suna aiki, mai kaurin ta fi saurin ƙarewa, ba ta kai awa guda cikakkiya ba. Akwai ɗan moto da ke tura su gaba, amma ba a sakar masa ragama, dole hannun ofareta na kan maɓalli. Suka kauce daga inda madubi ke tattara haske, hoto ya koma shuɗi-shuɗi ko ruwan ƙasa. Suka yi nisa da juna, wuta ta yanke, bango ya yi duhu sauti na ci gaba. Narkakken jan ƙarfe yana fantsama a madubi ya bar masa zanzana, kullum haske na raguwa, sai an sauya madubi. Hayaƙin kuma dole a yi masa bututu ta rufi, in ba haka ba ofareta ne zai shaƙe shi. Ƙwan zenon, wanda ke yin awa dubu ko fiye ba a taɓa shi ba, ya fara yaɗuwa a Turai tun shekarun 1960, amma sauya masa gida kuɗi ne, shi ya sa ƙananan sinimomi suka daɗe a kan kabon.

Zaren ba gudu yake yi santal ba. A gaban haske dole kowane hoto ya tsaya cak, a haska shi, a rufe, a ja na gaba. Wani ƙarfe mai siffar kuros ke wannan jan, farfela mai fiffike biyu kuma tana tare haske, sau 48 a daƙiƙa, don ido kada ya ga walƙiya. Tun da sauran haƙoran injin gudu suke ba tsayawa, ana barin ɗan sako-sako a zaren sama da ƙasan wurin haskawa. Ya yi kaɗan, haƙora su yage huji. Ya yi yawa, zaren ya riƙa dukan jikin injin yana karcewa. Na ƙasan yana da wani aikin: sauti a gefen zaren yake, wani siririn layi da ƙaramar fitila ke karantawa, kuma an buga shi hoto 20 gaba da hotonsa. Ofareta ya ƙara ko ya rage sako-sakon nan da hoto uku, baki ya riga magana ko magana ta riga baki. A fim ɗin da rabinsa waƙa ne, wannan ba ƙaramin laifi ba ne.

Zare ya tsinke ko ya maƙale a gaban haske, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu za a ga hoton ya kumbura ya narke daga tsakiya a kan bango. Gyaransa: a yanke wurin da ya ƙone, a kankare fuskar hoton a bakin yanki ɗaya da reza har ya yi fari, a shafa ruwan liƙi, a ɗora ɗaya bakin, a danne. Sharaɗin shi ne a ƙirga huji. In aka yi kuskuren huji ɗaya ko biyu, da mahaɗin ya wuce za a ga ƙafafun jarumi a sama kansa a ƙasa, baƙin layi ya raba bango biyu, sai an murɗa maɓallin daidaitawa. Kowane ɗinki kuma yana cin hoto ɗaya ko biyu. Kwafin da ya sha ɗinki ɗari, mutum na bakin ƙofa sai kawai a gan shi zaune a kujera. Hunturu ma yana da nasa rabon: ƙura ta taru a wurin haskawa ta daskare, ta ja layi tun daga farkon ril har ƙarshe, abin da ke sa tsohon fim ya yi kamar ana ruwa a cikinsa. Maganinsa buroshi da tsinken katako bayan kowane ril, ba a sa ƙarfe.

Girman hoto ma lissafi ne. Tagar da haske ke bi faɗinta wajen milimita 21. A ɗauka daga ɗakin injin zuwa katanga mita 40 ne, gilashin injin kuma na milimita 100, hoto zai fito faɗin mita 8 da ɗoriya. Fim mai faɗi, wanda aka matse hotonsa a zare, sai an ƙara masa wani gilashi da ke buɗe shi ninki biyu. Aka manta, kowa a fim ɗin ya zama dogo siriri kamar sillen kara.

Duk abin da aka lissafa, sandar kabon, madubi, gilashi, ƙaramar fitilar sauti, ruwan liƙi, shi kansa kwafin fim, babu ɗaya da ake yi a Najeriya. Nan ne bakin zaren.

In aka tambayi mutanen gari me ya kashe sinima, amsar da ta fi saurin fitowa ita ce shari'a. Ni dai ban ga haka ba. Dokar ta zo ta tarar da mara lafiya ya daɗe a kwance. Dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972, wadda aka ƙara wa ƙarfi a 1977, ta sa gidajen sinima cikin sana'o'in da aka keɓe wa 'yan Najeriya. Gini ya sauya hannu, amma sanin hanyar Bombay da Hong Kong bai sauya da shi ba. A 1981 ƙungiyar kamfanonin fim na Amurka ta dakatar da turo fina-finanta Najeriya saboda rikicin kadarorinta. Sai babban dukan, faɗuwar naira. A 1985 naira ɗaya ta fi dala ɗaya. Bayan shirin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 dala ta kai naira huɗu a 1987, ta kai wajen naira 22 a 1993. Kayan ɗakin injin da dala ake sayensu, tikiti kuwa da naira ake yankarsa, kuma mai sayen tikitin ɗan dako ne da yaron shago da ɗan acaɓa, waɗanda ba za a ninka musu kuɗi sau ashirin ba. Mai sinima ya koma juya tsofaffin kwafi, ana haɗa guntayen kabon don kada a zubar, hoto na ƙara dusashewa.

A daidai lokacin kallo ya shiga gida. Talabijin ta tarayya a Kano tana sa fim ɗin Indiya tun ƙarshen shekarun 1970, ga CTV, talabijin ta jiha da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa, sannan bidiyo ta zo. Matan aure da 'yan mata, waɗanda dama ƙafarsu ba ta taka sinima, su suka zama manyan 'yan kallo, a tsakar gida. Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, kasuwar fim ɗin Hausa ta kafu a kan kaset, cibiyarta Ƙofar Wambai da Bata, ba a kan tikiti ba.

Fim ɗin Hausa ya ɗan ƙara wa sinima kwana. Furodusa ya kan kai sabon fim a haska kafin ya shiga kasuwa, musamman da salla, a raba kuɗin ƙofa. Amma da injin bidiyo ake haskawa, wanda ake ajiyewa a tsakiyar fili, manyan injinan sama kuwa aka lulluɓe su da buhu. Hoton kaset layi wajen 240 ne, an yi shi don akwatin talabijin. A baza shi a katangar mita takwas, fuska ta zama kamar an zana ta da gawayi a jiƙe. Mai kallo ya gane cewa abin da zai gani a nan bai fi na ɗakinsa ba, ya ma fi muni.

Sannan dokar ta zo. An ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000, a Disambar shekarar gwamnati ta janye lasisin masu shirya fim da masu nuna shi, a 2001 aka kafa Hukumar Tace Fina-finai, aka dawo da aiki bisa sharuɗɗa, ciki har da hana cakuɗa maza da mata. Waɗanda suka sake buɗewa sun tarar gidajen kallon ƙwallo sun kwashe samarin, da kuɗi kaɗan, a bakin layinsu. Harin Boko Haram na 20 ga Janairu 2012 ya kawo dokar hana fita da shingayen bincike, a Janairun 2013 kuma aka hana acaɓa. Sana'ar da ba ta da lokaci sai ƙarfe tara na dare zuwa sha biyu, a bayan gari, ta rasa abin hawan da ke mayar da 'yan kallonta gida. Ko da wani ya so komawa kan zare ma, hanyar ta toshe: Fujifilm ya daina yin zaren fim a 2013, manyan kamfanoni sun koma tura fim a ma'ajiyar kwamfuta, da mabuɗin da ke aiki a injin guda na kwanaki ƙidayayyu. Sinimar da aka buɗe a Ado Bayero Mall ta titin gidan zu irin wannan ce, mai rufi da sanyi da kallo sau da yawa a yini. Wata sana'a ce daban, da wasu 'yan kallo daban.

Abin da ya kai ginin ƙasa kuwa fili ne. Wurin da yake bayan gari a 1975 ya zama tsakiyar kasuwa. A ɗauka filin sinima mita 30 ne a kan 60, murabba'in mita 1,800 ke nan. A bar rabi don hanya da matakala, a yanka sauran shago-shago mita uku a kan huɗu, shago 75 ne a ƙasa kaɗai, a ɗora bene ya zama 150. Kowanne kuɗin shekara yake biya a gaba, ba ruwansa da hadari, ba ruwansa da azumi, ba dizal, ba lasisin nuna fim. Ga kuma rabon gado. In mai gidan ya rasu ya bar 'ya'ya goma sha, sinima ba ta rabuwa, shaguna kuwa suna rabuwa har da tumunin takaba. Kuma cikin magadan da wuya a samu mai son a riƙa ce masa ɗan mai gidan sinima alhali ana iya ce masa mai plaza.

Ɗakin saman shi ake bari ƙarshe, don ƙofarsa ƙarama ce kuma injinan nauyi gare su, sai 'yan gwangwan sun zo da guduma. Wanda ya ci karo da gwangwanayen fim a irin wannan ɗaki, kafin ya sayar a kilo ya buɗe ɗaya a inuwa, nesa da wuta da taba. Ya warware kamu biyu ko uku ya ɗaga gefen zaren a haske, akwai rubutu ƙanana tsakanin huji da baki. In an rubuta SAFETY asitet ne, ba ya tashi da wuta. In ya ji tsami mai hawa hanci kamar na ruwan kal, zaren ya fara ruɓewa saboda zafi da laima, kuma tururinsa yana harbin na kusa da shi, sai a ware shi. Hoton da ya koma ja gaba ɗaya ba lalacewar ajiya kaɗai ba ce, launin shuɗi da rawaya ne ke riga ja gushewa a kwafin da aka buga kafin farkon shekarun 1980, kuma ana iya dawo da shi a kwamfuta. Wanda ya manne da juna kada a ɓamɓare shi da ƙarfi, hoton zai biyo hannu. In kuwa rubutun NITRATE ne, ko zaren ya yi danƙo yana fitar da gari ruwan ƙasa, a fitar da shi daga gini a ranar. Wanda ya ruɓe irin haka yana iya kamawa da kansa in zafi ya haura digiri 40, abin da ɗakin sama mai rufin kwano ke wucewa kowace rana a Afrilu. Inda ake adana irin waɗannan kaya a Najeriya shi ne ma'ajiyar fina-finai ta Hukumar Fina-finai ta Ƙasa da ke Jos. Kafin a kai, a rubuta a jikin kowane gwangwani sunan da ke kan takardarsa, da lambar ril, da sunan gidan sinimar da aka same shi.